Bakwai a Ɗebe Ɗaya

Aji ɗaya, firamaren da ke bayan Ƙofar Mazugal.
Yara sittin da huɗu, benci goma sha ɗaya,
lissafin farko ke nan da ya gagare ni.
Waɗanda ba su sami wuri ba suna ƙasa,
kowa a kan buhun da ya zo da shi.

Na shigo da gwangwanin madara cike da marafan kwalba,
guda ɗari biyu, na tsinto su a gaban mai shayi.
Ya ce, Malam, sana'a ka canja?
Na ce, jari ne, kai dai zuba ido.

Tarawa ba ta ba ni wuya ba,
ɗan Kano da ita ake haihuwarsa.
Uku a hannun Nafi'u, biyu a hannun Kubura,
kafin in ce ku haɗa
aji ya ɗauka: Biyar!
har mai adaidaita da ke wucewa sai da ya waiwayo.
Wanda yatsun hannu suka ƙare masa
ya tuɓe silifa ya ci gaba da na ƙafa.
Mudassir ya haɗa har da hancinsa,
ya sami ashirin da ɗaya,
ban hana shi ba.

Ɗebewa ce ta zo da rigima.
Na ba Sa'adiya shida, na karɓe biyu,
na ce, saura nawa?
Ta turo baki ta ce, ai ba a kyauta a karɓe.
Da ƙyar muka shirya,
sai da na yi alkawarin aro ne.

Ranar Laraba na rubuta bakwai a allo,
na ja ɗan gajeren layi, na sa ɗaya.
Littattafai suka taru a kan tebur.
Shida. Shida. Shida a juye, ta zama tara. Shida.
Sai na Ummita, mai zama kusa da taga:
bakwai, ta danna fensir har ya huda takarda.

Na kira ta, na zube mata marafai bakwai.
Ɗauke ɗaya. Ta ɗauke.
Ƙirga. Ta ƙirga, ba gargada, ta ce shida.
To, me ya kawo bakwai a littafinki?

Ta ce, Malam, na marfi ne shida.
Na gidanmu bakwai ne.
Yaya Habule ya hau mota a Unguwa Uku
tun kafin azumi, ya tafi Fatakwal neman aiki.
Amma Inna in ta tuƙa tuwo
malmala bakwai take kwashewa.
Ta rufe kwanonsa, ta ɗora a kan randa,
da safe mu ci ɗumame.

Jan birona ya tsaya a sama
kamar ƙuda ya rasa wurin sauka.
Wata goma sha ɗaya da rasuwar mahaifiyata,
lambarta tana nan a wayata,
ban goge ba, ba kuma zan goge ba.
Ni ne zan koya wa wannan yarinya ɗebewa?

Na ce, Ummita, saurara.
In an tambaye ki a jarrabawa, rubuta shida.
Na gida kuwa, ki bar wa Inna lissafinta,
ta fi ni sani.
Ta gyaɗa kai, ta lashi yatsa,
ta murje bakwai ɗin har wurin ya yi baƙi,
ta sa shida a gefe, ƙarama,
kamar wadda ba ta son a gan ta.

Aka buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a darbejiya.
Suka watse, wani da silifa ɗaya a hannu.
Na zauna ina mayar da jarina gwangwani:
ɗari da casa'in da bakwai.
Daga bakin ƙofa ina jin ukun
suna kacau-kacau a aljihun Mudassir,
sun nufi Gwammaja a guje.

Na buɗe littafina, na rubuta:
marafai, ɗari biyu cif.